Fansar Fedaya Mai Jera Duwatsu

A garinmu idan uba ya ga ɗansa ya fara shafa wa gemu mai, yana yawan bi ta bakin rijiya ba tare da ƙishirwa ba, ba ya wahalar da kansa da dogon jawabi. Cewa yake yi, "Kai, kiyayi jan jakin Fedaya." Yaran da aka haifa bayan an binne Fedaya ma sun san abin da ake nufi. To, Fedayan nan ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Jakin kuwa nawa ne, don shi har ya koma ga kakanninsa bai mallaki ko ɗan akuya ba. Sunana Hogla. Mijina ya rasu ina da sauran ƙuruciya, ban haihu ba, na dawo gidan mahaifinmu na tarar da Fedaya, muka ci gaba da zama har tsufa ya same mu tare. Tunda kowa ya mai da shi karin magana, bari ni da na yi ta toya masa gurasa in faɗi yadda mutumin yake.

Aikinsa jera duwatsu. Duk katangar da ke riƙe da ƙasar gona a jikin tuddan nan, daga garinmu har hanyar Hebron, in ka ga ta daɗe ba ta yi ciki ba, to hannunsa ne. Ba ya magana in yana aiki. Zai ɗauki dutse ya juya shi sau biyu ko uku, ya ajiye, dutsen ya zauna kamar dama can wurinsa ke nan. A gida ma haka yake da shiru, sai dai na gida ba ya gina komai. Dogo ne mai manyan hannuwa, a lokacin samartaka kuma Allah ya ba shi kyan da bai amfane shi da komai ba.

Kada wani ya ce ba a gargaɗe shi ba. A zamaninmu tsoho Hashub ke zama a ƙofar gari bayan dattawa sun tashi daga shari'a, yara maza su kewaye shi, ya yi ta zuba musu maganganun hikima da ya gada wurin magabata. Rabin maganganun a kan matar wani suke. Ya ce wanda ya zare dutse daga katangar maƙwabcinsa na sama, a kan gonarsa ƙasar za ta rufto. Ya ce hanyar ɗakin matar wani faɗi gare ta wajen shiga, wajen fita kuwa ko kare sai ya bar fatarsa. Ya ce zuciyar mijin da aka ci amanarsa kamar rami take, ko me ka jefa ba za ka ji saukarsa ba. Mu mata daga bakin rijiya muke jiyowa, mu yi dariya mu ce ashe maza sun san halinsu. Fedaya ya fi kowa haddacewa. Hashub kan tsai da shi a gaban sauran yara ya maimaita musu, ya dafa kansa ya ce wannan dai ba zai ba shi kunya ba.

Elnatan falke ne, gajere, mai ido ɗaya, ɗayan ciwo ya cinye masa a bakin teku. Yakan sauka da mai da ruwan inabi, ya hauro da gishiri da busasshen kifi, wani lokaci ya yi wata guda a hanya. Matarsa Abital daga wani ƙauye na bakin hamada ya auro ta, ba ta da kowa a garinmu sai shi. Wata shekara ruwan ƙarshe ya karya katangar bayan gidansu, Elnatan ya kira Fedaya ya nuna masa wurin, ya kora jakunansa ya tafi. Ban kasance a wurin ba, ba kuma zan ƙirƙira ba. Abin da na sani shi ne aikin 'yan kwanaki ya ci rabin wata, kuma Abital ce ke kai masa abincin rana.

Elnatan ya dawo, ya duba katanga, ya yaba, ya biya. Babu wanda ya ga komai, babu wanda ya ce komai. Sai Fedaya ya daina cin abinci. Ya zauna a tsakar gida wata safiya ina kwaɓa kullu, ya ce, "Yaya, na zare dutsen."

Na ce, "Wane dutse? Ni ba Hashub ba ce, yi mini magana irin ta mutane."

"Matar Elnatan."

Na cire hannuna daga kullu. "Wa ya gani?"

"Babu."

"Wa ya ji?"

"Ke."

"To ni kurma ce tun daga haihuwa. Ka ja bakinka ka ɗinke. Idi ya kusa, ka hau Urushalima da rago, ka faɗa wa Ubangiji, shi ba ya yawo da magana."

Ya ji maganata rabi. Da Idin Bukkoki ya zo ya hau da ragon, ya dawo da fuskar da ya tafi da ita. Na tambaye shi ko ba a karɓa ba ne. Ya ce firist mai miƙa hadaya ya ce an karɓa, amma gidan da ya shiga na Elnatan ne, Elnatan kuwa bai ce komai ba. Na ce ta yaya zai ce wani abu a kan abin da bai sani ba? Wanda ya saba da dutse ba ya son ganin gurbi a buɗe, wannan ita ce cutar ƙanena.

A wurinmu namijin da ya yi irin wannan, ransa a hannun mijin yake. Mijin na iya kai shi gaban dattawa, na iya kuma karɓar fansa. Mai laifin zai kawo abin da ya fi daraja a hannunsa, mijin ya ɗora hannu a kai a gaban shaidu biyu, shi ke nan magana ta mutu tsakaninsu har abada. Mijin kaɗai ke da wannan hannun, ba ɗansa ba, ba ɗan'uwansa ba. Mu abin da muke da shi 'yan itatuwan zaitun ne da mahaifinmu ya bari. Da aka matse man farko na shekarar, Fedaya ya cika tulu biyu, ya ɗora a kan jakina ba tare da ya tambaye ni ba, ya ja shi da rana tsaka ta ƙofar gari inda dattawa ke zaune. Na bi shi a baya ina jan mayafi, ina kiran sunansa a hankali, kamar da bango nake magana.

Hashub ya ɗago kai ya ce, "Ina zuwa da kaya haka, ɗana?"

"Gidan Elnatan, Baba."

"Ciniki?"

"Fansa."

Kalma ɗaya ya faɗa, ta ishi gari duka. Kafin mu kai gidan, mata sun cika kan soraye.

Elnatan ya fito yana goge hannu a riga, da alama gishiri yake aunawa. Ya dubi jakin, ya dubi Fedaya, ya dubi mutanen da suka biyo mu. Ya daɗe yana duban mutanen. Sannan ya ce, "Ban yi cinikin mai da kai ba."

Fedaya ya durƙusa. "Ka san abin da na yi maka."

"Na san ka gina mini katanga, na kuma biya ka. Rushewa ta yi?"

"A'a."

"To tashi, kana tare mini ƙofa."

Ya koma ciki ya rufe. Muka juyo da jaki da mansa.

Gari ya yi ta fassara abin har mako ya zagayo. Dattawa suka ce ga shi nan, abin da Hashub ke faɗa ne, fushin miji ba ya da ƙasa. Bai kai shi shari'a ba don kada a kashe shi ya huta, bai karɓi fansa ba don kada ya samu barci. Wasu har suna yaba wa Elnatan da iya mugunta. Ni ma haka na ɗauka, na kuwa tsane shi tsana mai tsanani. Yarinyar da aka yi wa Fedaya baiko da ita, ubanta ya aiko da kayan baikon a kwando, ko sallama ɗan aiken bai yi ba. Aiki bai yanke ba, don ƙasa ba ta san abin kunya ba, in ruwa ya zo zubewa take yi. Sai dai daga ranar duk wanda ya kira shi aiki, uwarsa ko kakarsa ce ke kai abincin rana. Tsoffin garin nan sun hau tudu saboda ƙanena fiye da yadda suka hau don idi. Wata ma ta ce masa, "Kai Fedaya, ka tausaya wa gwiwata ka tsufa da wuri."

Da shekara ta zagayo aka matse mai, ya sake cika tuluna. Na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Rabin man nan nawa ne."

Ya ce, "Zan rama miki da aiki, Yaya."

"Katanga zan ci? Mutumin ya ce ba ya so."

"Bara fushi ne. Wataƙila ya huce."

Bai huce ba, a ganinmu. Ya fito, ya ce bai yi cinikin mai ba, ya rufe ƙofa. Haka shekara ta uku, haka ta huɗu. Man da aka dawo da shi kuma Fedaya ya ce ba mai ci a gidanmu, tunda an riga an kira shi fansa, sai ya raba wa gwauraye da marayu. Na tuna masa cewa ni ma gwauruwa ce, ya yi kamar bai ji ba. Mai daga itatuwan ubana, amma sai in tsoma gurasa a miyar wake tsura, maƙwabta suna soye-soye da man gidanmu.

Sannu a hankali abin ya zama al'ada, kamar shigar sabon wata. In aka ji an fara matsar zaitun, iyaye maza su soma tambaya, "Yaushe Fedaya zai ja jaki?" A ranar sai a jera samari a ƙofar gari, Hashub ya nuna shi da sanda ya ce, "Ga karatunku nan yana tafiya da ƙafa. Shi ya fi ku hadda." Da Hashub ya mutu wani ya gaji wurin da sandar. Har daga ƙauyukan kewaye akan kawo samari masu rawar kai, a tsai da su a gefen hanya, wai gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Fedaya bai taɓa ɗaga kai ya dube su ba. Na tambaye shi wata rana ko ba ya jin kunya. Ya ce in yaro ɗaya ya kuɓuta ta dalilinsa, ai ya rage. Na ce wanda ya ƙi ji ba zai ƙi gani ba, amma kai da ka ji ka gani, me ya rage maka? Ya ce hannun Elnatan.

Abin da yake nema ke nan, ba wani abu ba. Ba ya son mata, ba ya son suna, ba ya son wurin zama a ƙofar gari. So yake kafin ɗayansu ya mutu mutumin nan ya ɗora hannu a kan tulu, shi kuma ya kwanta kamar kowa.

Abital kuwa ba a cika ganinta ba. Ruwa da rana tsaka take ɗiba, lokacin da ba kowa a rijiya. A watannin da suka biyo bayan aikin katangar ta haifi ɗa namiji, matan gari suka yi ta lissafi da yatsu a ƙarƙashin mayafi. Elnatan ya yanka maraƙi ranar kaciya, ya kira kowa, ya sa wa yaron suna Zakkur, da ya fara tafiya ya riƙa saɓa shi a kafaɗa har kasuwa. Ba su sake samun wani ba. Zakkur yana ƙarami ya taɓa jifan jakina da dutse ranar fansa, ubansa ya kama kunnensa ya shigar da shi. Da ya girma, in ranar ta zo sai ya fita gona tun da sassafe.

Sau ɗaya na tare Elnatan. A kasuwa ne, yana kwance buhunan gishiri, gashinsa ya fara fari kamar nawa. Na ce, "Elnatan, ba ka tsoron Allah? Taɓa tulu fa kawai. Ko maƙiyi ne ai ya isa haka."

Ya dube ni da idon nan ɗaya ya ce, "Hogla, jakinki ya fara ɗingishi. Ki duba masa kofato."

"Maganar ƙanena nake yi maka."

"Na ji. Gishiri kike so, ko wucewa za ki yi?"

Na wuce ina zaginsa a zuci har gida. Jakin ma da gaske yake ɗingishi, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan.

Jakuna uku muka yi a kan wannan hanya. Gaskiya na gaji. Na gaji da wanke tuluna, na gaji da idanun mutane, na gaji da jin tarin Fedaya a ɗakinsa da juye-juyensa. Bayansa ya rankwafa, yatsunsa suka kangare, ya koma gyaran ƙananan katangu da samari ke rainawa. Fushi ma ya ƙare mini. In lokacin ya zo ni da kaina nake riƙe masa jaki ya ɗaure kaya, don in ban riƙe ba faɗuwa zai yi.

Sai wata shekara, zaitun bai ko nuna ba, aka ce Elnatan ya kwanta, zazzaɓi ya ƙi sakinsa. Fedaya ya kasa zaune ya kasa tsaye. In mutumin ya mutu, ƙofar ta rufe ke nan. Muna cikin haka sai ga Rehum, ƙanen Elnatan, ya yi sallama a gidanmu, mutumin da bai taɓa amsa gaisuwarmu ba. Ya zauna, ya sha ruwa, ya yi ta girgiza kai.

Ya ce, "Fedaya, abin nan ya daɗe. Yayana ya kusa tafiya, bai kamata ya tafi da nauyinka ba. Gobe ka kawo abin da ya samu, ko tsohon mai ne. Ni da ɗana za mu tsaya shaida."

Fedaya ya kama hannunsa yana kuka. Ni kuwa na tsaya ina kallon mutumin, ina mamakin inda ya samo tausayi da tsufansa. Na je na roƙo mai wurin maƙwabta muka cika tulu ɗaya da rabi.

Da safe mun gama ɗaure kaya, labari ya riga ya zaga, ana jin hayaniyar mutane daga ƙofar gari. Ina riƙe da igiya sai wata tsohuwa ta turo ƙofarmu ta shigo, ta mayar ta rufe. Sai da ta sauke mayafi na gane Abital ce. Rabona da ganin fuskarta kusa tun tana amarya. Ta bushe, haƙoranta na gaba sun zube. Ba ta gaishe mu ba, ta nemi dutsen niƙa ta zauna a kai.

Ta ce, "Fedaya, ina za ka?"

Ya ce, "Rehum ya ce yau zai karɓa."

"Zai karɓa mana. Hankalinsa zuwa yake yana komawa. Ko takalmi ka miƙa masa kamawa zai yi." Ta dube ni. "Hogla, ke ma tsohuwa ce, kin san shari'a. In miji ya ɗora hannu a kan fansa a gaban shaidu, me ya tabbatar?"

Na ce, "Cewa ya yafe."

"Ya yafe me?"

Na sani, kowa a garin ya sani. Hannun da ya sauka a kan tulu ya shaida cewa abin ya faru. Matar da aka tabbatar wa wannan ba ta zama a gidan miji, ba ta cin gadonsa, ɗan da aka haifa a wannan tsakani kuma 'yan'uwan miji na iya tsayawa a ƙofar gari su ce ba jininsu ba ne. Duk mun san haka kamar yadda muka san sunayenmu. Amma maganganun Hashub duka a kan namiji suke, abin da zai rasa da inda zai ƙare, shi muka saba kallo yana jan jaki. Babu karin magana ko ɗaya a kan wadda ke bayan ƙofar.

Abital ta ce, "Rehum gona yake so, da gidan. Tun da aka haifi Zakkur yake jira."

Fedaya ya jingina da jakin. "Ni na ɗauka fushi yake da ni."

"Fushi? Ya yi fushi, har ya yi shekara bai ci abin da na dafa ba. Tun ranar da ya dawo ya sani, ni na faɗa masa. Ya zauna a bakin katangar nan taka har rana ta faɗi, ya shigo ya ce, 'Ba ki da inda za ki, ni kuma ba na son a jefe kowa a kaina. Babu abin da ya faru a gidan nan.' Ya rufa mini asiri, Fedaya. Sai ga ka da jaki da rabin gari." Ba ta ɗaga murya ba, ƙarfin ma babu. "Duk shekara in mutane sun fara mantawa, in mata sun fara amsa gaisuwata, sai a matse zaitun. Sai ka zo ka durƙusa a ƙofata ka sake gaya musu. Shi kuma ya fita ya sake ƙaryata ka. Ka gaji, na sani. Kana tsammanin mu ba mu gaji ba?"

"Me ya sa bai gaya mini ba? Kalma ɗaya fa."

"Ya gaya maka me? In ya ce ka daina, ya amsa ke nan akwai abin da za a daina. Kai kuma ba ka iya riƙe magana ba, ai mun gani."

Na ce, "Ke fa? Ga gidana nan, ba nisa."

Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "In shigo gidan Fedaya, a garin nan? Yau ma don babu sauran abin da zan rasa ne."

Sannan Fedaya ya tambayi abin da na san ya yi shekaru yana haɗiyewa. "Yaron nan, na wa ne?"

"Mutumin da ya rene shi bai taɓa tambaya ba. Kai ne za ka tambaya?"

Ta dafa gwiwa ta miƙe, ta ja mayafinta. A bakin ƙofa ta tsaya ta ce, "Ba zan iya hana ka ba. Rehum na can ya share maka hanya har bakin gado. In ka je za ka samu abin da kake nema, ka yi barci. Na zo ne dai ka san da me za ka saye shi." Ta fita ta bi ta bayan gidaje.

Muka rage mu biyu da jaki. Daga ƙofar gari wani yaro ya ɗaga murya yana tambaya ko ya taho. Ban ce wa Fedaya je ka ba, ban ce kada ka je ba. Tausayinsa ya kama ni, don na san abin da tulun nan yake a wurinsa, ga shi yau hannun da ya ƙi sauka tun muna da baƙin gashi yana kwance a buɗe, tafiyar da ba ta kai nisan zuwa rijiya ba.

Ya kai hannu kan igiyar kayan, ya fara kwance ƙullin. Yatsun sun ƙi, ya yi ta fama, sai da ya sa haƙori. Ya rungumi tulun zai sauke, ya kasa, na kama masa gindi muka ajiye a gefen bango. Muka sauke na biyun. Ya cire wa jakin shimfiɗa, ya kai shi turke ya zuba masa ƙaiƙayi, ya dawo ya zauna a inuwa.

Rehum ya neme mu sau biyu. Na farko ya aiko, na ce jaki ba shi da lafiya. Na biyu ya zo da kansa yana huci, ya ce mutum na mutuwa muna zaune. Fedaya ya ce masa, "Ba ni da abin da zan kai gidan Elnatan."

"Shekara nawa kana kaiwa?"

"Tsufa ne. Na rikice."

Mutanen ƙofar gari suka jira har rana ta yi zafi, suka watse suna ƙorafi, waɗanda suka kawo samari daga nesa suka koma da su ba su ga komai ba. Da yamma aka fara cewa girman kai ya kama Fedaya a ƙurarren lokaci, bayan duk wahalar da ya sha.

Elnatan ya ƙara kwana biyu. Rana ta uku da hantsi ina tankaɗe gari, Fedaya na zaune yana gyara ƙotar gudumarsa, sai muka ji kukan mata ya tashi daga wancan gefen gari. Ya dakata da gudumar a cinya, ya saurara har ya tabbatar da gidan.

Ya ce, "Shi ke nan, Yaya. Yanzu babu mai yafe mini."

Na nemi abin da zan faɗa masa mai sanyi, ban samu na gaskiya ba. Na ce, "Babu."

Ya gyaɗa kai. Can ya ce, "Ki je ki yi mata gaisuwa. Ni ba zan bi ta ƙofar ba."

Na karkaɗe hannuna, na ɗauki mayafi na fita.